Hanyoyi Uku a Gaban Zeinabou

Rana ta take tsaka a unguwar Dagmanet ta birnin Agadez, layin masu karɓar jar dawar agaji ya miƙe tun daga bakin sito har ya sha kwana, sojoji biyu suna kai da kawowa da bulala a hannu. A tsakiyar matan nan Zeinabou ke tsaye da buhu a kafaɗa, tun safe ba ta sa komai a baki ba. Shekara ta biyu ke nan sama ta ƙi zubar da ruwa. Farin da ya ƙone garakar mahaifinta, lambunsa da ke ƙauyen Dabaga, shi ya kwantar da shi har ya cika, mahaifiyarta ma ba ta yi wata uku ba ta bi bayansa. Tun daga nan take gidan kawunta Lukumanu, sakataren makarantarsu, inda ita ce mai daka, ita ce mai ɗiban ruwa, ita ce kuma ta ƙarshen cin tuwo... in ya rage.

"Zeinabou! Ina Zeinabou?"

Mushe Seydou ne, malaminsu na lissafi, don da "Mushe" ake kiran malamin boko a can, ya taho a kan kekensa yana haki, yana kaɗa takarda a sama kamar tuta. Ko tsoron sojojin bai ji ba. "Kin ci! Sakamakon BEPC, jarabawar gama ƙaramar sakandare, ya fito, ke ce ta ɗaya a duk jihar Agadez! Ta ɗaya, 'yata, maza da mata!"

Buhun ya suɓuce daga kafaɗarta. Matan layi suka ɓarke da guɗa, wata tsohuwa ta rungume ta tana kuka kamar ita ta haife ta, har sojan da ke kusa ya yi murmushi ya ce a ba ta hanya ta wuce gaba. Wayyo daɗi! Zeinabou ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka, sai ta haɗa duka biyun.

A inuwar sito Mushe Seydou ya shimfiɗa mata takardar zaɓi. "Duba nan, hanyoyi uku ne a gabanki. Seri C, lissafi zalla, wannan ni ita nake miki kwaɗayi, don ban taɓa koyar da kai irin naki ba. Seri D, ilimin jiki da tsirrai, daga nan ake zama likita. Sai teknik, can Maradi, aikin injuna da lantarki. Gurbi ɗaya tak aka ba makarantarmu, da wurin kwana da abinci. Kowacce kika nuna taki ce. Amma sai kawunki ya sa hannu."

Kwana uku Zeinabou tana yawo kamar ba ta taka ƙasa. In tana daka sai ta ga kanta da farar riga tana duba marasa lafiya, ta ce D ce! In ta tuna daɗin da take ji sa'ad da lissafi mai wuya ya warware a hannunta, ta ce a'a, C ce! Ran nan kuma ta tsaya a bakin garejin unguwa tana kallon makanikai sun zazzage cikin wata babbar mota, har ruwan tulunta ya yi zafi ba ta sani ba. Ta cika takardar da fensir ta goge, ta sake cikawa ta goge, tana dariya ita kaɗai. A rana ta huɗu ta durƙusa gaban kawunta ta miƙa masa.

Lukumanu ya karɓa ya ninka ya sa a aljihu, ko kallonta bai yi ba. "Na ji. Tashi ki je."

Bayan sati biyu aka liƙa sunaye a bangon makaranta. Zeinabou ta bi su da yatsa daga sama har ƙasa, ta sake bi... babu ita a C, babu a D. A gurbin teknik kuwa sunan Fatouma ta gani, 'yar kawunta, wadda da ƙyar ta haye jarabawar. Can ƙasa an rubuta nata sunan, a gabansa kalma guda: ta janye.

Da gudu ta isa gida. "Kawu, an yi kuskure! An ce na janye, wallahi ban janye ba!"

Marin da ya ɗauke ta da shi sai da ta ga taurari. "Ɓarauniya! Kina zaton ban san kin buɗe jakata kin saci takardun jarabawa ba? Rufa miki asiri na yi, shi ne za ki zo ki tsare ni da ido?"

"Innalillahi! Kawu, ni? Ka ji tsoron Allah... ni 'yar ƙanwarka ce fa!"

Kafin la'asar matarsa Habsatu ta kai maganar kowane gida. Matan da suka yi mata guɗa suka koma janye 'ya'yansu in ta doso famfo. Washegari Habsatu ta kwaso littattafanta ta cusa a murhu, wai itace ya yi wuya, ta kuma tilasta mata ta tuƙa tuwo a kan wutar. Zeinabou tana tuƙi hawaye na ɗiga a cikin tukunya. "Ya Allah, Kai ne uban marayu," take faɗi a ranta. "Ba ni da kowa sai Kai. Ka wanke ni, ko da ba zan sake taka aji ba, Ka wanke ni daga sunan sata."

Mushe Seydou bai zauna ba. Ya tunkari Lukumanu a ofis, shi kuwa ya yi masa dariya ya ce in bai kama bakinsa ba zai sa a tura shi koyarwa Séguédine, inda ko wasiƙa sai ta yi wata kafin ta iske mutum. Malamin ya ce a tura shi ko bangon duniya ne. A ranar ya rubuta ƙara zuwa ga kwamitin rarraba ɗalibai, wanda a zamanin nan na soja wani hafsa ke shugabanta, Kapiten Nomau, mutumin da aka sani ba ya dariya.

Ranar Litinin da kwamitin ya zo sauraron ƙarar, makaranta ta cika maƙil, har a tagogi mutane suke leƙe. Kapiten ya saurari Lukumanu yana rantse-rantse har ya gama, sa'an nan ya zaro wata ambulan daga aljihunsa. "Waɗannan tambayoyi daga Yamai na zo da su, ba su taɓa kwana a jakar kowa ba. Yarinya, ga allo."

Zeinabou ta ɗauki alli. Ta karanta ta farko... sai ta ji zuciyarta ta kwanta. Ai wannan gidanta ne! Alli ya shiga gudu a kan allo, ƙwas, ƙwas, ƙwas, ta cika gefe guda ta koma ɗayan. Ta gama ta biyu, ta gama ta uku, sa'an nan ta juyo cikin ladabi ta ce, "Ranka ya daɗe, a ta ukun akwai alamar da aka juya wajen bugawa. Na yi ta yadda aka rubuta, na kuma yi ta yadda ya kamata." Malaman kwamiti suka duƙufa a kan takardarsu, ɗayansu ya ɗago ya dafe kai. "Gaskiyarta ne, Kapiten!" Mushe Seydou ya daka tsalle kamar yaro, ajin ya kaure da tafi.

Ana cikin haka sai kuka ya tashi daga baya. Fatouma ce ta miƙe. "Ni ba zan iya ba! Baba, ka gafarce ni... Zeinabou ba ta saci komai ba. A gabana ya yaga takardarta ya rubuta wata. Ni ko son injunan nan ba na yi, tsoronsu nake ji!"

Gumi ya jiƙe wa Lukumanu riga sharkaf. Kapiten ya ce, "An ba ka amanar 'ya'yan mutane, ka ci ta marainiyar gidanka. Daga yau ba ka da aiki a nan." Jandarmomi biyu suka tasa shi gaba. Habsatu da ke bakin taga ta ja mayafi ta rufe fuska, mata suna binta da tofin Allah tsine har ta ɓace.

Kapiten Nomau ya ɗauko sabuwar takarda ya ajiye a gaban Zeinabou, ya ɗora nasa alƙalamin a kai. "Ni zan sa hannu a madadin mahaifinki. C, D, ko teknik?"

Ta dubi Mushe Seydou, hawaye na bin kumatunta. "Mushe, ka yafe mini... lissafin da ka koya mini ina son in ga yana juya ƙarfe. Teknik nake so."

"Wayyo seri C ta yi rashi!" in ji malamin, yana dariya yana share ido. "Je ki, 'yata, Allah Ya yi miki albarka!"

Kapiten ya ɗaga gira. "Kin san a ajin da za ki shiga babu mace ko ɗaya?"

"To, ranka ya daɗe, a rubuta ɗaya."

Sai ga mutumin da ba ya dariya ya tuntsire da dariya har hularsa ta karkace. Zeinabou ta yi bisimilla, ta duƙa ta rubuta sunanta da hannunta, harafi bayan harafi, tana kuka tana murmushi. Da ta ɗago, Fatouma ta fara nema da ido, ta je ta kamo hannunta, suka fita tare cikin guɗar da ta cika farfajiyar makarantar.