Jan Biro a Kan Katin Aure

Mutanen wannan labari huɗu ne: Mai Zane, wanda ke shirya zane a kwamfuta kafin a buga, Mai Inji, abokin aikinsa a maɗaba'a, Baba mai sana'ar sabulu, da 'yarsa Auta.

Ranar da Auta ta fara zuwa a zana mata takardar da ake manna wa sabulu, Mai Zane ya koya mata ƙa'idar gidan: ba a buga komai sai an fitar da samfuri, mai abu ya duba, ya gyara da jan biro, ya sa hannu. Ta ce koren takarda bai kai na kwamfuta haske ba. Ya ce haka takarda take, tana shanye tawada. Sau biyar tana dawowa a kan kore ɗaya, har ta laƙaba masa Malam Gyara, shi kuma yana ce mata Koriyata.

Da maganar shaƙuwar Auta da Mai Zane ta kai kunnen Baba, ya ce bai gane sana'ar mai wuni yana kallon allon kwamfuta ba. Da dai Mai Inji ne, wanda aiki ya baƙanta wa hannu. Mai Inji ya ɗauki zancen nan alkawari. Washegari ya ajiye wa Mai Zane sunan shi Mai Inji da na Auta, ya ce a shirya katin aure a buga yau, ba sai an sa hannu ba tunda aikin gida ne.

Mai Zane ya shirya katin, ya rasa gane ko an yanke magana ne ba da saninsa ba. Amma ya ƙi miƙa wa inji. Ya aika wa Auta samfurin.

Ta juya katin gaba da baya, ta kasa gane nufinsa, ta tura saƙo: "Malam Gyara, bankwana ne wannan ko tambaya?"

Ya amsa: "Koriyata, ni ma ban sani ba. Nawa dai in nuna wa mai abu."

Da safe ta zo tare da Baba, ta ajiye samfurin, jan biro ya ratsa sunan ango. Mai Zane ya tambayi abin da za a sa a gurbin.

Ta ce, "Kai da ke hango kuskure ko da kamar kan allura ne, wannan ne ya shige maka duhu?"

Baba, wanda shi ma kansa ya ɗaure, ya tambayi Mai Inji yaushe ya ba shi 'ya. Mai Inji ya sosa ƙeya. Sai Baba ya juya ga Mai Zane, ya tambaye shi me ya hana shi bugawa jiya.

"Ba ta sa hannu ba, Baba."

Baba ya ce, "Gyara ka fito da sabo, ɗana. Auta ta fara sa hannu, ni in biyo baya."

Mai Inji ne ya buga katin, yana gunagunin koren ya yi yawa. An ɗaura auren Mai Zane da Auta, Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari.

Ni da girmana na koyi rubutu. Duk wanda ya ga kuskure, ya taimaka ya ɗauki jan biro.