Wayar da Ta Ƙi Cin Wuta

Ranar Litinin da hantsi aka kira Sufeto Isiyaku na komisariyar 'yan sandan Madawa daga wani asibitin mishan da ke bakin babbar hanya. An sace naɗin waya guda daga sabon ginin haihuwa.

Ya hau moto, wato babur ɗinsa, ya tafi cikin nishaɗi. Lokacin albasa ne, fadama ta yi kore shar, shi kuwa dama zaman ofis ya ishe shi.

Amos, mai kula da wutar asibitin, ya tarbe shi a ƙofar ginin.

"Wace irin waya ce har hankalinku ya tashi haka?" in ji Sufeto.

"Ba ta kuran ba ce, Mushe, ba ta ɗaukar lantarki. Ita ka haɗa ƙararrawar gobara ta wanga gini da babban ofis. In hayaƙi ya tashi nan, can za a ji. An yi ta yadda ko wuta na ci, saƙo shi wuce."

"In babu ita fa?"

"Ba a buɗe ginin. Mata su ci gaba da haihuwa tsohon ɗaki, gado manne da gado. Kafin wata ta iso daga Yamai, damina ta faɗi."

Amos ya ciro guntun da ya rage daga aikin makon jiya. Bayansa ja ne, cikinsa zare-zare sirara kamar gashi.

"Kada ka taɓa bakin. Gilashi ne. In ya shiga fata, ido bai ganin shi, sai dai zogi."

"Yaushe ka gan ta ƙarshe?"

"Asabar da marece. Jiya Lahadi duk muna majami'a."

Sufeto ya duba ɗakin ajiyar. Ba a sa masa ƙofa ba tukuna, kwano aka jingina. A ƙasa ga sawun jaki da na tayar amalanke, sun lotsa cikin yashi kamar an ɗora kaya mai nauyi.

Ya nemi mai gadi, wani dattijo mai suna Yaƙubu.

"Baba, jiya ina kake?"

"Nan nike, ranka shi daɗe. Ko motsi ban yi ba."

Sufeto ya leƙa ƙarƙashin kujerarsa. Akwai damin albasa, ganyenta ya ɗan yi yaushi, ƙasar jikinta ba ta gama bushewa ba.

"Wa ke taya ka aikin garka?"

"Ni ɗaya."

"To albasar ga da ƙafarta ta zo?"

Yaƙubu ya sosa ƙeya. Ya ce da aka fara waƙa a majami'a ya zaga ya ba garkarsa ruwa. Yana dawowa ya hango amalanke ta nufi ƙoramar da ake ɗibar yashi, an lulluɓe kayanta da buhuna. Bai gane mai ita ba, don masu kawo wa ginin yashi suna da yawa.

"Da ka faɗi haka tun farko, da mun huta," in ji Sufeto yana murmushi.

A bakin ƙoramar ya tarar da wata mata, Delu, tana faɗa ita kaɗai. Wani ya kwashe karan geron da ta tara don danni, ya cinna masa wuta.

Sufeto ya tona tokar da sanda. Ga waya mai tsawon gaba biyu, bayanta ya yi baƙi ya ƙandare, amma ba ta narke ba. An sare gefe ɗaya da adda, an kuma yayyage bakin da hannu.

Ya yi dariya a hankali. Ya san halin ɓarayin waya: sukan ƙona robar su sayar da jan ƙarfen ciki. Wannan ɓarawon ya ƙone karan mutane, bai sami komai ba sai gilashi.

"Iya, yi haƙuri. Wanda ya ƙone karanki zai biya ki da damin da ya fi wannan."

Da ya koma asibitin bai nemi masu amalanke ba. Ɗakin wanke ciwo ya nufa, wurin wata nas mai suna Laraba.

"Madam, yau wani ya zo da ciwon yatsu?"

"Ga shi nan zaune. Ya ce ƙaya, ni kuwa na duba ban ga ƙaya ba."

Sunansa Ango, wani matashi ne mai kawo yashi. Ya tallafe hannun damansa, girarsa ɗaya ta babbake.

"Mi ya same ka?" in ji Sufeto.

"Ƙarangiya, Mushe."

"Girar fa?"

"Wurin shayi."

Sufeto ya sa aka kira Amos da ƙaramar fitila. Da aka haska babban yatsan Ango, wani abu ya yi ƙyalli a cikin fatar. Sufeto ya ajiye ƙonanniyar wayar a kan tebur.

Ango ya daɗe yana kallon ta, sannan ya sauke numfashi.

"Ni na ɗauka. Abokaina duk sun tafi Abijan cin rani, ni ko na mota ban da shi. Na ga waya mai kauri, na ce jan ƙarfe ne. Na zuba kara, na ƙara, ta ƙi ci. Har na fara tsoron ko asiri anka yi mata."

"Ina sauran?"

"Na binne cikin yashi, gindin adduwa. Wanga guntu kaɗai na yanke."

Amos ya ɗaga guntun ya auna da ido, fuskarsa ta saki. Ya ce abin da ya rage zai kai har ofis, a makon nan ma za a gwada ƙararrawar.

Sufeto ya ciro ankwa, Laraba ta ɗaga masa hannu.

"Tsaya, Mushe. Nan ɗakina ne. Sai na gama da yatsun ga."

Ya ja benci ya zauna. Aka kawo masa shayi, yana sha yana kallo tana ciro gilashin ɗaya bayan ɗaya, Ango na cije leɓe. Da ta naɗe yatsun da bandeji, Ango ya miƙe ya yi mata godiya, ya miƙa hannuwansa.

Sufeto ya dubi farin bandejin, ya mayar da ankwar aljihu.

Suka fita wurin moto. "Hau bayana," ya ce. "Ka riƙe ni da hagu."