Zanen Inna a Cikin Ambaliya

Yagana na durƙushe a tsakar gidansu a Haɗeja tana wanke burushin fenti cikin gwangwanin madara, kakarta Yakaka na gefe tana gyaran busasshen kifi, sai ga Zainaba ta faɗo ko sallamar kirki babu. Zainaba yayar Abdulfattah ce, malamin gonar da aka sa wa rana da Yagana bayan girbin shinkafa.

"Yagana, wace ce wannan?" Ta danno mata waya har kusa da hanci.

Fosta ce ta babban baje kolin zane-zane da za a buɗe a Abuja. A tsakiyarta ga zanen da Yagana ta fi ji da shi: wata dattijuwa cikin ruwa har ƙugu, kanta a buɗe, furfura ta jiƙe, ta goya jariri da mayafi ruwan ɗorawa.

"Inna ce, Yaya Zainaba," in ji Yagana, murya ƙasa-ƙasa.

"Au, kin ma san Inna ce! Matar da tunda aka kai ta ɗaki ba wanda ya taɓa ganin gashinta, yau ga ta a wayar kowane ɗan acaɓa? Har daga Jahun an bugo ana tambaya ko taɓuwa ta yi!"

"Wallahi don girmama ta na yi—"

"Riƙe girmamawarki! Kawunnanmu sun ce a ɗaga rana, sai abin da hali ya yi."

Ta juya fuu ta fice. Yagana ta zube a wurin tana kuka.

Asalin zanen wani hoto ne da Abdulfattah ya ɗauka shekarar da kogi ya ɓalle ya cinye ƙauyensu. Maƙwabciyarsu Malama Dibora, 'yar kudancin Kaduna da ke koyarwa a firamare, tana fama da zazzaɓi a ranar, ba ta iya ɗaukar ɗanta. Inna Bara'atu, mahaifiyar Abdulfattah, ta cire mayafi da ɗankwali ta ɗaure yaron a bayanta, ta ratsa ruwa da shi har tudu. Da Abdulfattah ya nuna wa Yagana hoton, sai ya tsaya mata a rai, ba ta huta ba sai da ta zana shi. Da masu baje kolin suka nemi aikin matasa daga Arewa, shi ta fara turawa.

Yakaka ta bar ta ta yi kukanta, sannan ta ce, "Ke, kin tambaye ta?"

"Kaka, ai abin alheri ne ta yi."

"Ban ce sharri ba ne. Cewa na yi, kin tambaye ta?"

Yagana ta girgiza kai.

Bayan la'asar Abdulfattah ya zo. Suka tsaya a zaure, kowa na kallon ƙasa.

"Laifin namu ne mu biyu," ya ce. "Ni na ba ki hoton. Inna ba ta yi faɗa ba, Yagana, da ma faɗan ta yi. Ta daina fita ne kawai, ko suna aka yi a maƙwabta ba ta leƙawa."

"To me kake so in yi? Ka san shekara nawa nake jiran irin wannan damar? Mutane daga Legas za su zo, har da na ƙasashen waje!"

"Na sani. Ni na riƙa raka ki bakin kogi kina zana masunta ana yi mana dariya. Ba zan ce ki janye ba, aikinki ne. Ba kuma zan rabu da ke ba. Amma ba zan iya kai ki gidan da mahaifiyata ke ɓoye fuska saboda mu ba. Zan jira, komai daɗewa."

Yagana ta tafi Abuja da wannan maganar a ƙirji. Zauren baje kolin ya fi duk yadda ta zata: farin bango, fitilu masu haska kowane zane shi kaɗai, can wani ya ƙera doki da tsofaffin ƙarafan babur, nan wata ta rataye yadudduka rinannu tun daga rufi har ƙasa. Zanen Inna ne a bangon da ke kallon ƙofa. Tun ba a buɗe ba, wasu ma'aikata biyu suka tsaya gabansa, ɗaya ya ɗaga waya ya ɗauki kansa hoto da shi yana dariya. Ba da mugunta ya yi ba, amma sai Yagana ta ji kamar ita aka tuɓe wa ɗankwali a kasuwa.

Ta sami Madam Esther, shugabar baje kolin, ta ce a sauke shi.

"Yagana, kina lafiya? Shi ne fa a fosta! Don Allah ki yi tunani, irin wannan ba ta zuwa sau biyu."

"Na yi tunani, Anti. Matar tana raye, kuma ban nemi izininta ba."

Madam Esther ta sa aka sauke, aka kuma cire fostar daga shafinsu. Aka buɗe taro, 'yan jarida suka yi ta wuce ƙananan zanenta na kwale-kwale da gonakin shinkafa ba tare da sun tsaya ba. Ta dawo Haɗeja da zanen a naɗe, ba wanda ya san sunanta.

Da ita da Yakaka suka je ba da haƙuri. Inna Bara'atu ta amsa gaisuwa daga cikin ɗaki, ba ta fito ba. Aka girbe shinkafa, ranar da aka sa ta zo ta wuce. Ƙawaye suka ce ta nemi wani, ga samari nan birjik. Yagana dai kowace Juma'a sai ta je ta gaida Inna daga bakin labule, ta share tsakar gida, ta koma. Abdulfattah ma kawunnansa sun kawo masa zancen wata a Miga, ya ce su yi haƙuri, shi yana da mata.

Wata Juma'a, damina ta kusa, tana cikin shara sai ta ji Inna ta ce daga bayan labule, "Yarinya, gobe ki zo min da abin nan. Kowa ya gan shi ban da ni."

Washegari ta shimfiɗa shi a kan tabarma. Inna ta zauna ta zuba masa ido, ta kai yatsa ta shafa ƙafar jaririn.

"Joshua ke nan. Yanzu har gudu yake." Ta yi ajiyar zuciya. "Ni a zatona kamar mahaukaciya na fito. Ashe haka nake a ranar."

"Inna, in kin ce in ƙone shi, yanzu zan ƙone."

"Ki ƙone wahalarki? A'a. Ni ba buɗe kan ne ya fi ci min rai ba, Allah ya san dalilina. Abin da ya dame ni, yarinyar da za ta zama 'yata ta ɗauke ni ta kai birni kamar tulu, ba ta ce min komai ba." Ta gyara zama. "To, ga ni. Tambaye ni."

Hawaye suka zubo wa Yagana. "Inna, kin yarda in nuna wa mutane shi?"

"Na yarda. Amma ƙafata ƙafarki. In za a kalle ni, a kalle ni ina wurin."

Bayan bikin Yagana da Abdulfattah, Madam Esther, wadda ba ta manta da yarinyar da ta sauke zanenta da kanta ba, ta gayyace ta wani baje kolin a Kano. Inna Bara'atu ta sha lulluɓi ta zauna a kujera gefen zanen, Malama Dibora na kusa da ita riƙe da Joshua. Duk wanda ya ɗaga waya sai Inna ta ce, "Ɗana, sallama tukuna." Sai ya sauke, ya gaishe ta, ya ji labarin daga bakinta. Abdulfattah na tsaye a baya, shi da amaryarsa suna ta murmushi.

Yagana ta rasa Abuja, ta yi watanni tana shara a bakin labule, amma haƙurinta ya ba ta miji da uwa, ya kuma dawo mata da aikinta da mutuncinsa. Duk mai baiwar hannu ya riƙa tunawa: mutumin da kake zanawa yana da rai da kunya da dangi, kuma kyakkyawar niyya ba ta ɗauke maka neman izininsa.