Barewar Dajin Iyaka

Ubale maharbi ne a Ɗanzomo, shekara ashirin yana harbin barewa, bai taɓa sa wa dabba ɗaya harsashi biyu ba. Wani dare ya yi nisa cikin dajin iyaka, sai fitilar goshinsa ta haska wata barewa tsaye a gindin aduwa. Ya saita bayan kafaɗarta, ya ja kunamar bindiga. Da kunnensa ya ji shigar harsashin, tim, amma ba ta faɗi ba. Ta dube shi, ta shige cikin sabara a hankali.

Ya bi ɗigon jini. Kukan gyare ya ɗauke ɗif. Jinin ya kai shi gaban wata tsohuwa zaune a kan rairayi, ba ruga kusa, ba wuta.

"Sannu, Goggo. Ba ki ga barewa ta wuce ba?"

"Matso, Ubale," in ji ta. "Karɓi kayanka."

Ta ɗora masa harsashi a tafin hannu, kansa ya baje, da sauran ɗuminsa. Ya ɗaga kai, hasken ya sauka a kanta. Jini na tsattsafowa ta zanenta a ƙarƙashin hammata, idanunta kuwa suka mayar masa da hasken, kore shar, ba ƙiftawa.