Kaskon da Hajjo Ba Ta Zubar Ba

Hajjo ta riƙe ƙyauren zaure da hannu biyu, tana kallon ludayin duba-gari yana nutsewa cikin kaskon.

Mu'azu, duba-garin, ya ɗago shi a hankali, ya kai saitin rana. Tsutsar sauro ce ke ta wutsil-wutsil a ciki.

"Baba Abarshi, zo ka gani da idonka," in ji shi. Da mahaifinta yake magana, amma ita yake kallo.

Ta san kaskon, ta kuma san laifin wa...

Wata bakwai ke nan da Salmanu ya zo daga Gwaska ya kama hayar ɗaki a farfajiyar gidansu, a shekarar da sojojin da suka je yaƙin Bama suka dawo Birnin Gwari. Sana'arsa zuma. Farfajiyar fako ce a da, ko akuya ba ta tsayawa. Ya roƙi mai gida, ya shuka kabewa a gindin danga, da riɗi, da zogale, da ɗaɗɗoya. Ya rataya amya, gidan ƙudan zuma, a kan tsamiyar bayan katanga, ya ajiye kasko da ruwa da tsakuwa a ciki, don ƙudan zuma su sami wurin dafawa in sun zo sha.

Hajjo ce ke kai masa tuwo. Ranar farko da ƙudan suka kewaye ta, ta kusa yar da akushin. Ya ce ta tsaya cik, ba ruwansu da wanda bai kai musu hannu ba. Ta tsaya. Tun daga nan tsayuwar tata ta riƙa tsawo.

Da magana ta kai kunnen Abarshi, ya ce shi ba zai ba ɗan daji autarsa ba, mutum ba gona ba rumbu. Inna ta yi ta lallashi, har ya sauko. Ya ce in ya ga zumar amyar nan cike da ƙwarya, zai yarda sana'a ce, a turo manya.

Saura kwana ashirin a ɗebi zumar, Salmanu ya shiga daji duba sauran amyoyinsa. Da zai tafi ya ce mata, "Hajjona, kullum ki zubar da ruwan nan ki sa sabo. Kar ki bar shi ya kwana."

Amma duk safiya sai ta tarar da ƙudan sun yi layi a kan tsakuwa suna sha. Ta kasa korar su. Sai ta tsiyaya sabo a kan tsohon, a hankali, har kwana tara.

Shi kuwa Mu'azu, sau biyu yana aiko dattawa tana cewa a'a. Tun lokacin kullum yana zagayen gidan sanye da kakinsa na aiki, yana leƙa randuna. Yau ya samu.

Ya ce kafin la'asar a share farfajiyar tas, har abin da ke kan tsamiya, in ba haka ba gobe mai gida ya amsa kira gaban alƙali. Abarshi bai taɓa durƙusawa a kotu ba. Da hannunsa ya ɗauko adda.

Hajjo ta faɗi a ƙafarsa tana roƙo.

"Baba, ka bar amyar kaɗai... don Allah, amyar kaɗai."

"Shige ciki, Auta."

Daga tsakar gida ta ji ƙaurin ciyawa da kakin zuma. Da wuta suka sauke amyar.

Washegari da hantsi Salmanu ya dawo. Ya daɗe tsaye a kan tokar. Abarshi ya tambaye shi wa ya bar ruwa ya ruɓe. Salmanu ya ce shi ne.

"Ni ce, Baba!" Hajjo ta fito ko mayafi babu. "Ya gaya mini, ni na ƙi ji."

Abarshi ya ce ko ma wane ne, ya riga ya rantse gaban jama'a, mai zuma ba zai sake kwana a gidansa ba.

Ta bi Salmanu har bakin rafi. Ta ce ya tafi da ita, ko a bukka za ta zauna. Ya girgiza kai. Ya ce mutumin da ya ba shi wurin kwana, ba zai saka masa da ɗauke 'yarsa ba.

"Yaya Salmanu, fushi kake da ni?"

"Tausayinsu kika ji, Hajjona. Ta ina zan fara fushi?"

Ya gyara ƙunshinsa, ya tsallake ruwan.

Ta daina fita, ta daina cin kirki. Mu'azu ya sake aikowa, Abarshi da kansa ya sallami dattawan tun daga zaure. Da kaka ta yi, ya dube ta ya ga zanenta yana zagaya ta sau biyu. Ya yi azumi uku na kaffarar rantsuwarsa, ya ɗauki sanda ya nufi Gwaska da ƙafa.

Kwana shida ya yi. Can aka ce masa Salmanu ya rarraba amyoyinsa, ya bi fatake yamma, bai faɗa wa kowa inda za shi ba.

Hajjo ta ji sallamarsa ta taso da sauri har ƙofar ɗaki. Ta leƙa bayansa. Shi kaɗai ne.

Ya buɗe baki, "Auta..."

"Sannu da hanya, Baba," ta ce. "Bari in kawo maka ruwa."