Kwamfutar da Ta Ce Baba Yana Numfashi

Da la'asar aka shigo da matar caji ofis, wani ƙaton mutum mai tumbi yana biye da ita yana zuba faɗa. Nas ce, da farin kayanta a jiki, hannayenta duk sun yanƙwane saboda ruwan sabulu.

"Ita ta kashe mana uba," in ji mutumin. "Ta kashe injin da yake ba shi iska, ta fice ta bar shi."

Sufeto ba ya son a kawo masa ƙara haɗe da hukuncinta. Amma rai aka rasa, dole ya sa Saje ya rufe ta a bayan kanta. Ba ta yi gardama ba. Abin da kawai take ta maimaitawa shi ne, "Wayata ba ta yi ƙara ba, ranka ya daɗe."

Washegari da hantsi ya je gidan. Mai tumbin nan, wanda kowa ke kira Yaya Babba, shi ya kai shi har ƙofar ɗakin marigayin. Mahaifiyarsu na tsaye a bakin ƙofar, ta ƙi tsallakawa ciki.

"Mama, ki bari su yi aikinsu," in ji Yaya Babba.

"Ni na hana su? Ni dai ba na shiga. Mun kai shi makwancinsa jiya, amma abin can cewa yake yana nan."

Ɗakin tsaf yake. An naɗe katifa, injin iskar yana gefen gado a kashe, robar hancin na rataye a jikinsa. A ƙasan tebur akwai wani baƙin akwatin batiri, wanda ke riƙe injin idan an ɗauke wuta. A kan teburin kuma ƙaramar kwamfuta ce, fuskarta na kallon gado, ta yi kore shar.

Sufeto ya sunkuya ya karanta. Wuta tana nan. Batiri cike yake. Injin iska yana aiki.

Ya juya ya kalli injin. Shiru, ko ɗumi babu a jikinsa. Ya sake kallon kwamfutar, tana nan kan bakanta. Sufeto ya ga gawa iri-iri a aikinsa bai taɓa jin komai ba, amma yau sai da tsigar jikinsa ta tashi.

"Ka gani?" in ji Yaya Babba. "Ita wannan duk ɗauke wutar da aka yi sai ta aika saƙo wayar nas. Jiya ba ta aika komai ba, ke nan wuta ba ta tafi ba. To wa ya kashe injin in ba ita ba?"

"Kana gida lokacin?"

"Ina kasuwa. Auta ma ya fita."

Autan yana zaune a tsakar gida kan wata kujerar roba. Magidanci ne siriri, idanunsa sun yi zuru-zuru. Ya ce ya je karɓo wa Baba tabarau wurin gyara, da ya dawo ya tarar ana kuka. Game da kwamfutar kuwa, ya ce bai san kanta ba.

Da Sufeto ya fito sai ya tsaya wurin telan da ke kallon gidan.

"Jiya da rana an ɗauke muku wuta?"

"Kai, ranka ya daɗe, ɗinkin mutane a hannuna aka ɗauke. Sai da na koma keken ƙafa har gwiwata ta yi tsami."

Sufeto ya koma ɗakin shi da Saje. Ya kunna injin iskar, ya fara huci a hankali kamar mai barci. Sai ya miƙa hannu ya zare fulogin akwatin daga bango. Injin ya ɗan ci gaba, ya ja, ya ja, ya tsaya cak. Akwatin bai yi ko ƙyas ba. Kwamfutar ta ce wuta tana nan.

Ya zare wayar da ta haɗa akwatin da kwamfutar gaba ɗaya, ya riƙe ta a hannu. Batiri cike yake, in ji kwamfutar. Injin iska yana aiki.

Saje ya ja da baya har ya taka robar shara. "Oga, ni fa bari in jira ka a mota."

A caji ofis Sufeto ya sa aka fito da nas.

"A bayanin da kika bayar jiya kin ce kina ɗakin lokacin da abin ya faru."

Ta sunkuyar da kai. "Ƙarya na yi, tsoro ne. Ina can bayan gidan ina wanke masa zanin gado. Da rana ne, babu ƙwan lantarkin da zan ga ya mutu. Wayata na cikin aljihuna, na san in wuta ta tafi za ta yi ƙara."

"Yaushe rabonta da yin ƙarar?"

Ta ɗago kai. "An kwana biyu. Da can kam ba ma sakat. Akwatin ya yi ta ƙara, wayoyi su yi ta ƙara, wai batiri ya tsufa. Baba da ya ji sai jikinsa ya hau rawa, ya riƙe hannuna ya ce shi ke nan, lokaci ya yi. Ya daina barci, ya daina cin abinci. Rana ɗaya sai komai ya yi shiru. Na ɗauka an gyara."

"To in an ɗauke wuta fa?"

"Ai kafin in ankara Auta ya tayar da janareta. Bawan Allah, ko ƙofar gida ya daina fita."

Sufeto ya dube ta. Tausayinta ya kama shi, amma bai nuna ba.

Shagon wanda ya haɗa musu akwatin yana bayan tashar mota, cike da matattun batura da warin ruwan batiri. Injiniya ake ce masa, ko da yake ba wanda ya taɓa ganin takardarsa. Da farko ya rantse aikinsa ba ya ƙarya. Da Sufeto ya ce to ya taso su je ya yi wa alƙali wannan rantsuwar, sai ya jawo kujera.

"Akwatin nan ba ya jin yaren kwamfuta, ranka ya daɗe. Akwai 'yar manhaja a tsakaninsu, direba muke ce mata. Ita ke tambayar akwatin halin da yake ciki, ta gaya wa kwamfuta. Ita kuma ke ba shi umarni, ya yi ƙara ko ya yi shiru."

"In an zare waya fa?"

"Sai ta yi ihu ta ce akwatin ya ɓace." Ya rage murya. "Sai dai in ta gwaji ce."

"Wace ce ta gwaji?"

"Da ita muke gwada saƙonni a shago kafin mu haɗa da akwati na gaske. Ba ta tambayar kowa. Abin da ka gaya mata shi za ta yi ta faɗa har abada. Mu duk muna barinta a cikin kwamfutar in mun gama aiki, don ranar gyara. Ba a dai kunna ta."

"Wa ya san tana ciki?"

"Ni. Sai wanda ya riƙe min tocila ranar haɗi, yana ta tambaya kamar zai gaje ni. Har na nuna masa, muka yi dariya. Kuma na gaya masa batirin ya gaji, sabon irinsa yana hanya, su yi haƙuri da ƙarar."

Sufeto bai tambayi sunan mai riƙe tocilar ba.

Ya sami Auta inda ya bar shi, kan kujerar roba. Sai yanzu ya lura da wurin da aka ajiye kujerar: kusa da janareta, ga wani ƙaramin ƙwan lantarki yana ci a saman kansa da rana tsaka. Ya jawo benci ya zauna kusa da shi.

"Ƙwan nan na mene ne da rana?"

Auta ya ɗaga kai ya kalli ƙwan. Sufeto ya ci gaba.

"Duk gidan nan kwamfuta suke kallo, kai kaɗai kake kallon ƙwai. Wanda ya yarda da ita ba zai yi gadin wuta haka ba."

Yaya Babba da Mama sun fito sun tsaya a bayansu.

"Ƙarar ce ke kashe shi," in ji Auta, murya ƙasa-ƙasa. "Na rufe wa akwatin baki, na sa ta gwajin, na juya masa kwamfutar yana gani daga gado. Ranar ya yi barci har da minshari. Na ce kafin batiri ya iso ni zan zama ƙararrawar."

"Me ya fitar da kai jiya?"

"Shi ya aike ni. Yana son ya yi karatu, tabarau na wurin gyara. Na ce a bari sai gobe. Ya nuna min kwamfutar, ya ce, 'Kai Auta, ga shi cike, tsoron me kake ji? Je ka dawo.' Yana murmushi, ranka ya daɗe. Na kasa gaya masa."

Mama ta dafa bango ta zauna a ƙasa.

"Na ji wannan," in ji Sufeto, kuma har ransa ya ji. "Amma kana tsaye aka tafi da matar nan. Ta kwana a bayan kanta kana nan zaune."

Auta ya miƙo hannayensa biyu. Sufeto ya girgiza wa Saje kai, aka bar ankwa a aljihu.

Suna isa caji ofis ana miƙa wa nas jakarta a kanta. Babu wanda ya gaya mata komai tukuna. Da ta hango Auta sai fuskarta ta washe, hawaye suka zubo mata.

"Auta, kai ka zo belina? Na san ba za ka bar ni ba. Allah ya yi maka albarka. Ya haƙurinmu?"

Auta ya tsaya kamar an kafe shi. Saje ya taɓa kafaɗarsa, ya wuce da shi bayan kanta, ta ƙofar da nas ɗin ta fito.