Nonon Wa Khalid Ya Sha?

"Kak ka biyo ni, Khalid! Don Allah koma wurin su Baba..."

"Basira, tsaya mana mu yi magana!"

Ba ta tsaya ba. Ta bi gefen madatsar ruwan Shagari tana share ido da bakin mayafi, takalminta na nutsewa cikin laka.

Da daɗi ranar ta fara. Baba ya ɗauko bas daga Bodinga ya kwashe gidan kaf, aka fara ziyara Sifawa aka yi addu'a, sannan aka wuto nan don a ci abinci a bakin ruwa. A nan Khalid ya tarye su, shi da mahaifiyarsa. Ɗan Gwaggo Tani ne, ƙanwar Baba, tela a kasuwar Shagari, kuma shi ne wanda aka sa musu rana wata mai kamawa. Tun suna wasan taubasai har wasa ya rikiɗe ya zama abin da ke hana ta barci.

Kifi kawai suka je saye. Tsohuwar da ke suya ta ƙura wa Khalid ido, ta tambayi Basira ɗiyar wa ce, sai ta tafa hannu.

"Allahu akbar! Ɗiyar marigayiya Kande? Ai wanga yaro, da uwa tai tak kwanta ciyo bayan haihuwa, gun Kande anka kai shi Bodinga ta ba shi nono. Ashe ƙanwarka ta, yaro!"

Basira ta ji ƙasa ta juya da ita. Ba sai an kira malami ba, kowa ya sani: in ya sha nonon Mama, ko sau ɗaya ne, ya zama yayanta, aure ya haramta har abada. Kuma wadda za ta ce i ko a'a tana kwance a maƙabarta.

Khalid ya sha gabanta.

"Masoyiyata, ni ma na ji abin da tac ce. Amma mu tahi gun Inna. In gaskiya ta, mu ji daga bakinta."

"In tac ce gaskiya ta hwa?"

Ya juya ya nufi wurin Inna. Ta bi shi a baya.

Inna, kakarsu su biyu, tana zaune a tabarma ƙarƙashin bedi tana fama da ɓawon rake da 'yan haƙoran da suka rage mata. Basira ta durƙusa, Khalid ya faɗa wa Inna abin da mai kifin ta ce.

Inna ta dube shi, ta dubi Basira, sai ta fashe da dariya har rake ya sarƙe ta. Gwaggo Tani ta taso da gudu tana bubbuga mata baya.

"Inna, dariya kika yi? Ni ina mutuwa!" in ji Basira.

"Ke tahi can! Mu munka sa muku rana ba mu san wa yash sha nonon wa ba? An kai shi gun Kande, wagga gaskiya ta, tana goyon yayanki Bilyaminu. Ni nik kai shi da hannuna. Amma wanga ja'iri ya damƙe baki gam! Anka yi lallashi, anka yi dabara, ya sandare yana tsala ihu har maƙwabta sunka shigo. Ko ɗigo bai shiga bakinai ba, ina zaune, Malam Ɗantani limami na zaure anka hwaɗa mishi."

"To mi yash sha?" Basira ta tambaya da ƙyar.

"Akuya! Wata jar akuya ta gidan kawunku a Lambara. Ita muka tatsa, ina ba shi da cokali har Tani tat tashi. In kana biɗar 'yan uwanka na nono, angona, suna can turke suna cin harawa."

Dariya ta ɓarke a tabarmar. Bilyaminu ya faɗi yana riƙe ciki yana kukan akuya. Khalid kuwa zamewa ya yi ya yi sujada a kan yashi, ya daɗe bai ɗago ba.

Basira ta ji wani abu mai nauyi ya sauka daga ƙirjinta. Daɗi ya kama ta, ga kunya, ta cusa fuska a cinyar Inna tana dariya tana kuka.

Inna ta dafa kanta, muryarta ta yi ƙasa.

"Ran nan uwarki ta yi kuka sosai. Tac ce, Inna, mi niy yi ma yaron ga yaƙ ƙi ni? Ta so ƙwarai ta zama uwa tai."

Basira ta ɗago a hankali. Khalid na durƙushe, yashi a goshinsa, idonsa jajur.

"Za ta zama, Inna," ya ce. "Wata mai kamawa, in Allah ya so."